Daga Mangalar Taki Zuwa Baƙar Leda: Tarihin Shara a Birnin Kano

Akwai wata tuhuma da mu 'yan wannan zamani muka tashi muna ji daga bakin manyanmu, wato cewa mu ne muka ƙazantar da Kano. A da, in ji su, mace ba ta ɗora tukunya sai ta share tsakar gida, yaro ba ya tafiya makarantar allo sai ya share ƙofar gida, ga kuma duba-gari yana zagayawa, kowa yana shakkarsa. Yanzu kuwa sai ka ga saurayi ya shanye ruwan leda ya yar a inda yake tsaye, ko waiwaye babu. Rabin wannan magana gaskiya ne, ba kuwa zan ɓata tawada wajen kare mai yar da leda a titi ba. Amma ɗaya rabin yana bukatar bincike, domin da lalacewar tarbiyya ce kaɗai ta cika magudanan Kano, da wa'azi da bulala sun isa su gyara. To an yi wa'azin, an kuma yi bulalar, shara kuwa sai ƙaruwa take yi. Abin da na fahimta bayan na bi sawun al'amarin cikin tarihi shi ne, sharar Kano ta da haja ce mai ciniki, tana da masu saye da masu dako da lokacin kasuwarta. Ta zama annoba ne sa'ad da aka cusa mata abin da gona ba ta iya ci.

Kafin in shiga wannan, ya kamata a kawar da wani mafarki da ake yawan yi, na tsohon birni mai sheƙi kamar an wanke shi da sabulu. Baƙin da suka rubuta abin da suka gani ba su ba da wannan labari ba. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin dubu 30 zuwa dubu 40, ya yaba tsarin kasuwar Kurmi, amma ya koka da fadamar da ta raba gari biyu da kuma ramukan ruwa marasa gudu waɗanda haƙar ƙasar gini ta bari, ya ce su ne ke sa garin rashin lafiya. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, shi ma Jakara ba ta burge shi ba, duk da irin mamakin da ya yi na yawan saƙa da rini da fatauci. Ana iya cewa idon baƙo ne, kuma baƙon da zazzaɓi ya sha kayarwa. Haka ne. Sai dai sauro bai san baƙo ba bai san ɗan gari ba, kuma babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa kakanninmu ba su sha wahalar ruwan kududdufi ba. Saboda haka ba tsafta ce ta gado a cikin jini ta raba mu da su ba.

Abin da ya raba mu shi ne irin kayan da aka gina rayuwa da su. Birnin da ƙasa aka yi shi. Ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara a ƙarni na 12, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ƙasa ce aka haƙa aka tara. Soraye da zauruka da shigifu duk tubali ne na jar ƙasa. Kowane gini yana da raminsa a kusa, ramin nan kuwa shi ne kududdufi, wanda idan damina ta sauka yake haɗiye ruwan unguwa ya hana shi shiga ɗakuna. Idan gida ya tsufa ya rushe, sai a jiƙa ƙasarsa a sake kwaɓawa a tayar da wani. A cikin gidan ma haka abin yake. Ƙwarya ta tsage, a kai wa gyartai ya ɗinke; ta fashe gaba ɗaya, ta zama sakaina. Tukunya ta fashe, a sami kasko da tsingaro. Dusa ta awaki ce, ƙanzo na yara ne, karan dawa na darni ne da girki, toka kuwa tana shiga miya tana shiga sabulu, ragowarta ta tafi juji ta jira manomi.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na laso, wato simintin Hausa da ake shafe soro da karofi da shi don kada ruwa ya ratsa. Ana haɗa shi ne da katsi, wato laka mai kauri da ke kwantawa a gindin marina bayan baba ya gama aikinsa, wadda ake kwashewa a busar a ƙona. Sai gashin jima, wanda majema ke karcewa daga fatar akuya. Sai ruwan dafara mai yauƙi da ke riƙe su. A duba da kyau: dattin marini da dattin majemi su ne jarin magini, abin da magini ya haɗa kuma shi ake komawa a shafe ramin marinar da shi. Makuba ma, wadda ake yaɓe katanga da ita, daga ɓawon ɗorawa take, bayan an ci garin an kai ƙwallon wurin masu daddawa. Ba na zaton akwai wanda ya zauna ya tsara wannan da sunan kare muhalli. Rashi ne da dabara suka haifar da shi. Mutanen da komai nasu da gumi ake samu ba sa yar da abin da wani zai iya biya.

Amma babbar sana'ar da ta riƙe birnin ita ce ta taki. Ƙasar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a duk faɗin wannan yanki na Afirka, har ta kai ba a barin gona ta huta: bana gero da dawa da wake, baɗi ma haka, shekara da shekaru. A ƙa'idar noma, ƙasar rairayi irin wannan da tuni ta gaji ta daina bayarwa. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, abin da ya samu kuwa shi ne abin da kowane tsohon manomi a Ungogo ko Kumbotso zai faɗa maka kyauta: taki ne sirrin. Wani daga garken gida yake fitowa, wani kuwa daga birni. Da rani ya kama, sai ayarin jakuna su doshi ƙofofin gari da sassafe, ɗauke da itacen girki da kara da harawa da hatsi. Idan sun sauke, ba sa komawa da mangala wayam. Sai a bi lunguna ana kwasar juji: kashin awaki da na tumaki da na dawaki, toka, ɓawo, sharar tsakar gida. A kai gona a zuba tsibi-tsibi, a bar shi har ruwa ya kusa sauka sannan a baje.

Wannan ciniki yana da ka'idojinsa. Akwai gidajen da manomi ɗaya ne ke kwashe jujinsu kowace shekara, da kaka kuma ya kawo damin gero ko kwaryar wake a matsayin godiya, har abin ya zama zumunci da ake gada. Akwai kuma inda kuɗi ake biya kai tsaye. Iyakar tafiyar jaki a yini guda, zuwa da dawowa, ita ce iyakar gonakin da ke cin wannan moriya, shi ya sa gonar da ke kusa da gari ta fi daraja. Idan aka tsaya aka yi tunani, hatsin da birni ya ci bara shi ne ke komawa gona bana a wata kama, ya sake dawowa baɗi a buhu. Juji a wancan lokaci rumbu ne na biyu. Mai gidan da ya tara shi ya san da mai zuwa nema, don haka babu abin da zai sa ya tura yaro ya zubar da shi a kwata da daddare.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka zo da tasu fahimtar ta tsafta, wadda tsoron zazzaɓi ya gina. Maganinsu na farko shi ne nisanta kai. Suka zauna a Nasarawa da Bompai, aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa a 1913 don baƙin da jirgin ƙasa ya kwaso, dokar garuruwa ta 1917 kuma ta tanadi filin da ba a gini a cikinsa, mai faɗin yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko cuta daga can ya kawo nan. Ba zan ce ba a yi abin kirki ba: a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, aka jawo ruwan famfo daga Challawa da kuɗin baitulmalin En'e, wannan kuwa ya ceci rayuka. Sai dai a wannan zamani ne aka haifi duba-gari, mai kaki da littafi, wanda zai shiga gida ya leƙa randa, idan ya ga ƙwarƙwaron sauro ya rubuta sammaci. Tsofaffinmu suna tuna shi da kewa, ni kuwa ina ganin a nan ne tsafta ta fara sauya ma'ana. Ta tashi daga abin da mutum ke yi don yana da riba a ciki, ta koma abin da yake yi don kada a ci shi tara. Tsaftar tsoro kuwa tana tafiya ne tare da mai tsoratarwar.

Abin lura shi ne, kayan waje na farko da suka shigo ba su karya tsohon tsari ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya tafi da gyaɗa da fatu, ya dawo da kananzir da madarar gwangwani da kwanuka, daga baya motoci suka zo da tayoyinsu. Gari ya haɗiye su duka. Garwar kananzir ta zama ma'aunin ruwa a kafaɗar 'yan ga-ruwa. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal da mudun awon yaji. Tsohuwar taya ta zama takalmi da guga da igiyar ɗaure kaya. Kwalba ta koma wurin mai man gyaɗa da mai turare. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida suka zama abin naɗe tsire da ƙosai, idan an gama kuwa ko akuya ta cinye ko ruwa ya narkar. Kusan shekara hamsin Kano tana cin kayan Turai ba tare da ta shaƙe ba, domin kowane abu yana da rayuwa ta biyu da ta uku, kuma masu hannu da shuni kaɗai ke da abin yarwa.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka tsinka igiyar, kuma kusan a lokaci guda. Na farko yawan jama'a. Ƙidayar 1952 ta sami mutum kimanin dubu 130 a Kano da kewayenta na kusa. Ƙidayar 2006 ta sami kusan miliyan uku a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Gonakin da jaki ke kai wa taki su ne suka zama Rijiyar Zaki da Kurna da Hotoro da Sheka. Gona ta yi nisa, juji ya yi yawa, jaki ya gaza. Na biyu takin zamani, wanda gwamnati ta riƙa sayarwa da rangwame mai yawa tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976. Manomin da zai sami buhu a araha ya ɗauka a keke, me zai kai shi jigilar mangala ɗari? Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne sauyin abin da sharar kanta ta ƙunsa.

Wannan sauyi ya fara bayyana a ruwa. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano; fatar jar akuya da ake jemewa a nan ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Majemin gargajiya da toka yake aiki da kashin tsuntsaye da bagaruwa. Wari kam akwai shi, kowa ya bi ta unguwar majema ya sani, amma duk abin da ya zubar ƙasa tana iya narkarwa. Masana'antun fata da aka kafa a Bompai, sannan a Sharaɗa da Challawa, da gishirin kuromiyam suke jima, domin yana gama a kwana ɗaya ko biyu abin da bagaruwa ke ɗaukar makonni. Kuromiyam kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su gangara zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. A gefen waɗannan rafuka kuma akwai lambuna, inda ake noman latas da kabeji da karas da alayyafo da rani, a kawo mana kasuwa da safe suna sheƙi. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ruwan nan da ƙasar nan da ganyen nan, suna samun ƙarafa masu guba. Ba na ganin laifin mai lambu. Shi abin da kakansa ya yi yake yi, wato amfani da abin da birni ya zubar. Abin da birnin ke zubarwa ne ya sauya ba a gaya masa ba.

Sai kuma leda. Sinadarin da ake yin ta da shi, foliyetilin, an gano shi ne ba da niyya ba a wani ɗakin gwaji na kamfanin ICI a Ingila a 1933, jakar cefane mai hannu biyu kuwa wani kamfani ne a Suwidin ya yi mata rajista a 1965. Akwai abin dariya mai ɗaci a sunan da muka ba ta: kalmar leda aro ce daga kalmar Ingilishi mai nufin jemammiyar fata, wato garin da ya yi suna da fata a duniya shi ne ya ɗauki sunan fata ya laƙaba wa abin da ya kori tandu da burgami da taiki. Da farko ita ma an so a haɗiye ta kamar yadda aka haɗiye gwangwani; iyayenmu mata suna wanke leda su shanya su ninke su ajiye a ƙarƙashin katifa. Amma ta yi arha fiye da ƙima, ta kuma yi siriri, har ta kai wankinta ya fi sayenta tsada. A shekarun 1990 ruwan leda da ake kira fiya-wata ya maye gurbin ruwan sanyin da yara ke tallansa a bokiti da kofi ɗaya. Daga nan koko a leda, kunu a leda, alala a leda, tuwon biki a leda. Wannan ne karo na farko a tarihin garin da talaka, ba mai kuɗi kaɗai ba, ya sami abin da zai yar kullum, sau biyar ko goma, wanda akuya ba ta narkarwa, ƙasa ba ta ci, kuma babu mai saye.

Sakamakon ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ke zaune a cikinsa. Mahauta suna farke tumbin saniya ko tunkiya su ciro dunƙulen leda, dabbar tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. Kududdufan da ke shanye ruwan damina an cike da yawansu da shara, aka daddale, aka yanka filaye aka sayar, ruwan Agusta kuma da ya zo bai sami masaukinsa na da ba, kwata ta toshe, sai ya shiga ɗakunan mutane. Gindin ganuwa, inda ta saura, ya zama bola. Da hunturu kuwa, idan magariba ta yi aka cinna wa juji wuta, hayaƙin roba yana kwanciya a kan unguwa ba ya tashi, masu asma da jarirai su ne ke fara biya.

Hukuma ta amsa ne da abin da ta gada daga duba-gari. Gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, kuma a nan Kano, a watan Yuli na 1985, aka buɗe babin tsaftar muhalli na wannan yaƙi, har da alkawarin naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. An rushe rumfuna, an sa mutane tsallen kwaɗo, tituna sun yi fes na ɗan lokaci. Daga wannan zamani muka gaji tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ina ganin amfaninta, amma duk wanda ya taɓa fita yasar kwata a irin wannan rana ya san yadda takan ƙare: a tara laka da leda a bakin titi, idan motar kwasa ba ta zo ba, iska da ruwa da tayar mota su mayar da su inda aka ciro su. Dokokin muhalli na ƙasa ma ba sharar gida ce ta haife su ba. Sai da aka gano a 1988 cewa an jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. Gubar da ta zo a jirgin ruwa ta tayar da hankalin ƙasa cikin makonni. Wadda muke saye a ƙulle da sukari ba ta tayar da na kowa ba. Kano ta kafa hukumar kwasar shara ta REMASAB a 2003, aikinta kuwa, kamar na takwarorinta a ko'ina, ɗauka ne daga nan a kai can. Babu wanda aka ɗora wa tambayar da jaki ya amsa shekaru ɗaruruwa, wato wa ke bukatar wannan abu?

Waɗanda suka ci gaba da amsa ta, ba tare da an sa su ba, su ne yaran da muke kira 'yan jari-bola. Sa'o'inmu ne, wasu ma ƙannenmu. Da buhu a kafaɗa da maganaɗisu a igiya suke bin juji, kuma sun san farashin kowane abu fiye da yadda ɗalibin jami'a ya san darasinsa. Ƙarfe ya tafi ma'auna, a loda shi a tirela zuwa kamfanonin narka a kudu. Goran-ruwa, wato alminiyam, ya tafi wurin masu zubin tukwane. Fasasshen bokiti da tsinkakken silifa a niƙa su a mayar masana'antun roba, su fito a matsayin sabuwar buta. Robar lemo ta koma wurin mai zoɓo da mai kunun aya. A ganina waɗannan yara su ne magadan masu jakuna na gaskiya, sai dai masu jakuna ana yi musu sannu da zuwa a ba su ruwa, su kuwa waɗannan ana korarsu da zargin sata. Ba na musun cewa akwai ɓata-gari a cikinsu. Amma mafi yawansu hannu tsirara suke tona allurar asibiti da fasasshiyar kwalba da ruɓaɓɓen batir, don abin da bai kai kuɗin abincin yini ba. Kuma a lura da abin da suke tsallakewa. Duk abin da ke da farashi ba ya kwana a bola. Abin da ke kwana shi ne baƙar leda da ledar biskit da ta taliya da ƙunzugun jarirai na zamani, waɗanda ko babu mai saye, ko kuɗinsu bai kai wahalar tara su ba.

Shi ya sa idan na ji ƙungiyoyin matasa a makarantu da unguwanni suna kiran a hana leda, nakan goyi bayan damuwarsu amma in yi jinkiri a kan maganin. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma sun ga sauyi, domin sun tsaya a kan dokar. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai ga leda ba ta san an yi ba. Dalili kuwa a fili yake. Leda ce ta sa mai ɗan kuɗi kaɗan yake iya sayen mai da gishiri da omo daidai ƙarfinsa. Fiya-wata kuma ɗa ne na busasshen famfo. Muddin ba a dawo da ruwan da aka fara jawowa tun zamanin Abdullahi Bayero ba, hana shi hana mutane sha ne. Abin da tarihin garin nan ya fi goyon baya shi ne a sa wa ledar farashi. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da tsari a rubuce da ke cewa wanda ya ƙera abu shi ke da alhakin ɗawainiyarsa bayan an gama amfani da shi. Da kamfanin da ya cika leda da ruwa ko ya naɗe taliya zai biya wani abu tsayayye a kan kowane kilo da aka mayar masa, da 'yan jari-bola sun share Kano ba tare da an busa usur ko an hana kowa fita ranar Asabar ba. Na san masu kamfani za su ce kuɗin a kan mai saye zai faɗa. Gaskiya ne, amma yanzu ma yana biya, a kantin magani da wurin mai gyaran katangar da ruwa ya kayar.

Tsohon cinikin taki bai mutu ba, ko da yake mutane da yawa a birni ba su sani ba. Tun da aka janye rangwamen takin zamani farashinsa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, manoman Gezawa da Dawakin Kudu da Minjibir suka koma neman sharar birni, sai dai yanzu tifa ce ke kawowa, kuma kuɗi ake ba direba. Har yau kaso mai yawa na abin da muke zubarwa toka ce da ƙasa da ɓawo da kashin dabbobi, abin da gona ke marmari, da a ce a gida aka ware shi a wani mazubi daban kafin ya cakuɗa. Amma a cakuɗe yake zuwa. Wanda ya bi hanyar Gezawa a watan Maris ko Afrilu zai ga tsibin a gonaki, maigida da 'ya'yansa sun duƙa suna tsince leda da kwalba da batir da hannu, suna tarawa a gefen kunya su ƙona. Abin da ya kuɓuce musu garma ce ke binne shi, baɗi kuma ta sake tono shi yana nan yadda yake, gero yana ƙoƙarin kafa saiwa a tsakaninsa.